Kango ne ko ba kango ba: gardama kan fim ɗin tsohon gida

Sautin Wunti: Jama'a, ku bar ni in amayar da abin da ke cina. Fim ɗin ban tsoron nan da yaran garin nan suka saki a YouTube ranar Juma'a, na iyalin da suka dawo Bauchi rabon gado suka tarar da ɗaki ɗaya a kulle tun zamanin kakansu, ga rijiya a tsakar gida an danne bakinta da siminti, wallahi an yi asarar kango. Allah ya ba su kangon da ko a Kano sai an tona, suka haske shi kamar wurin kamu, suka fito da aljanar tun minti na bakwai, suka danna kiɗa daga farko har ƙarshe. Tsoro a kunne yake, ba a ido ba. Duk fim ɗin Hausa na ban tsoro da ya faɗi, wajen sauti ya faɗi. Mai ja ya zo.

Malamar Hausa: Ƙanena, kafin a zo kan kunne, gyara bakinka. Wannan gida ba kango ba ne. A cikin labarin akwai tsohuwa da ke kwana a ɗakin da ke kusa da shigifa, tana shara, tana hura wuta. Gidan da hayaƙi ke tashi a cikinsa ba a ce masa kango. Tsohon gida ne, shi ke nan.

Magini Ɗan Jahun: Hajiya ta isa inda ake so, amma ba ta bi hanya ba. A wajen magina rufi ne ke raba gardama. Kango gini ne da ba rufi a kansa, ko ba a kai ga rufawa ba, ko rufin ya rufta. Shi ya sa za ka ji mai gini ya ce aikinsa ya tsaya a kango, wato an kai linta kuɗi sun ƙare. Ku koma inda kyamara ta ɗaga sama a cikin soron: ɗaurin guga ne lafiyayye, wato rufin da bakan gizo, ginin nan mai lanƙwasa da ke riƙe shi, suka haɗu a tsakiya, azara, wato itacen rufin, a jere ba wadda ta sunkuya. Indararo ma yana nan. Ana yi wa gidan nan yaɓe. Soron ƙasar da ya sha damina uku ba a taɓa shi ba, ba haka kamanninsa suke ba.

Sautin Wunti: Baba, ni fa maganar sauti nake yi.

Malamar Hausa: A'a Baba, ban yarda ba. To manyan gidajen nan da ake ƙerawa a bar su shekara goma ba kowa, kwanonsu sabo fil, ciyawa ta kai taga, me ake kiransu? Kowa kango yake cewa. Mutum ne ke raba gida da kango, ba kwano ba.

Magini Ɗan Jahun: Wannan Hausar 'yan boko ce.

Malamar Hausa: Ƙamusun Bargery tun 1934 yake, ba 'yan Facebook suka rubuta shi ba. A duba.

Magini Ɗan Jahun: Ɗauko mana hoton shafin.

Malamar Hausa: In an kawo wuta.

Ɗan Jekadafari: Ku duka kun bar jaki kuna dukan taiki. Kalmar da kuke nema ita ce kufai. Amma ba mamaki, mutanen Bauchi ne.

Malamar Hausa: Kufai wuri ne da aka tashi aka bari, gari ko unguwa ko gida, har gini ya narke ya koma tudu, sai tsofaffin kukoki da fasassun tukwane da bakin rijiya su nuna an taɓa zama. Ba a kulle ɗaki a kufai, don ba ƙofar da za a kulle. Kai da ka zo gyara ka fi kowa ɓata.

Sautin Wunti: To a kira shi duk abin da aka ga dama, ku saurara. Bangon ƙasa mai kauri yana shanye amo, ba kamar ɗakin siminti da tayil ba da murya ke bugawa ta dawo. Wannan kyauta ce ga mai ɗaukar sauti, amma sai ya yi abu uku. Na farko, janareta ya koma aƙalla mita talatin zuwa hamsin, bayan katanga, a ja waya mai kauri. A fim ɗin nan duk inda aka yi shiru kana jin gurnanin inji, shi ya sa edita ya rufe da kiɗa. Na biyu, kafin a tashi daga kowane ɗaki, kowa ya tsaya cak a naɗi shirun ɗakin na minti ɗaya. Kowane ɗaki da irin shirunsa, na soro daban, na ɗakin kwano daban. In ba ka da shi, duk inda edita ya yanka sai sauti ya ɗauke ɗif kamar an kashe waya, mai kallo ya farka daga labarin. Na uku, lokaci. Daga bayan isha'i har wajen sha ɗaya gari bai yi shiru ba, babura da Keke Napep da rediyon maƙwabta. Daga sha ɗaya zuwa huɗu na asuba ne naka, kafin zakara da kiran sallar farko. Su da rana suka ɗauka suka rage haske, ga kukan awaki a sin ɗin da aka ce ƙarfe biyun dare ne.

Mai Haske na Gwallaga: Kai Sautin Wunti, ka iya magana kamar ba ka san yadda ake kallon fim a ƙasar nan ba. Ka ce sun haske gidan kamar wurin kamu. A waya ake kallo, da ƙaramar data, wani ma ta WhatsApp aka tura masa. Duk inda hoto ya yi baƙi sosai, matse fayil ɗin da ake yi yana mayar da shi dabbare-dabbare, fuska ta narke cikin bango. Dole ka ɗauka da haske fiye da yadda kake so a gani, sannan a sauke shi a kwamfuta. Kuskurensu ba yawan haske ba ne, wurin da suka ajiye fitila ne. Sun sa ta kusa da kyamara tana dukan fuska kai tsaye, inuwa ta ɓace. A ajiye ta a gefe ko a baya, ƙasa-ƙasa, a bar rabin fuska a duhu, a kunna fitilar ƙwai a cikin hoton don ido ya yarda daga ita hasken yake. In an tayar da ɗan hayaƙin turaren wuta a ɗakin, hasken da ke shigowa ta ƙaramar tagar soro zai fito kamar sanda. Sai batun rawar haske da aka gani a zaure: wutarmu zagaye 50 take yi a daƙiƙa, don haka a ɗauki hoto 25 a daƙiƙa, shota, wato tsawon lokacin da idon kyamara ke buɗewa, a kan ɗaya bisa hamsin na daƙiƙa. Wanda ya bar kyamara a kan 30 ko 60 kamar yadda ta zo daga Amurka zai ga layuka suna yawo. Ƙaramin janareta kuma ba ya riƙe gudunsa, da an ƙara masa kaya sai ya sauka, fitila ta riƙa ƙiftawa ko da lissafinka daidai ne. Fitila mai batir ta raba ka da wannan duka.

Sautin Wunti: Madalla, an dawo hanya. Kuma wayar da ka ambata ita ce hujjata. Lasifikar waya ba ta fitar da ƙasan sauti, duk rugugin nan da edita ya ji yana girgiza ɗakinsa, mai kallo bai ji komai ba. Abin da waya ke fitarwa shi ne ƙarar ƙyauren ƙofa, jan silifas a kan yashi, numfashi, gugar guga a bakin rijiya, kukan gyare da ya tsaya farat ɗaya. Da waɗannan ake tayar da tsikar jiki.

Ɗan Jekadafari: Ni dai har yanzu ba a ba ni amsa ba. Kuma wa ya ce gidan a Bauchi yake? Irin zankwayen nan akwai su a wajenmu a Gombe.

Magini Ɗan Jahun: Ɗana, kar ka ja ni. Garin da kake zaune sai 1919 sarauta ta koma can. Daga Gombe Abba aka tashi zuwa Nafada a 1913, daga Nafada zuwa Doma, wato garin Gombe na yau. Yakubu kuwa, Sarkin Bauchi na farko, tun 1809 ya kafa garin nan ya zagaye shi da ganuwa. In tsohon soro kake nema, je Kafin Madaki a Ganjuwa ka ga aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Wajen 1860 aka yi shi, a 1956 gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa, yana nan tsaye.

Malamar Hausa: Shi ya sa ya san kufai, sun saba tashi su bar gari.

Ɗan Jekadafari: Anti, a janye wannan. Gombe Abba ba kufai ba ce, mutane na nan a ƙasar Dukku suna noma suna kiwo a bakin Gongola. Gidan Buba Yero ne, wanda ya kafa masarautar Gombe. Kuma tun 1996 da muka bar muku jiharku ba mu nemi komai a wajenku ba.

Malamar Hausa: Ka ga ka dawo kan maganata da bakinka. Ka ce ba kufai ba ce saboda akwai mutane. To haka ma gida ba kango ba ne in akwai mutum. Na gode.

Ɗan Jekadafari: Ba haka nake nufi ba.

Shugaban Zaure: A bar maganar jiha don Allah. Wanda ya ƙara zan cire shi na kwana uku.

Mai Kwalliya ta Yelwa: Yayyena, kuna ta kango kango, ba wanda ya ga jinin? Zoɓo ne, ko makaho ya gani. Zoɓo a kyamara shuɗi-shuɗi yake komawa, ga shi tsararo, yana gudu kamar ruwa. Manja kuma ruwan lemo yake bayarwa. Yadda ake yi: kofi biyu na sukari, kofi ɗaya na ruwa, a dafa a ƙaramar wuta har ya fara kama bayan cokali, a sauke ya huce sosai. A sa jar kalar abinci cokali ɗaya, garin koko na shayi ƙaramin cokali ɗaya ko biyu don ya kashe sheƙin ya yi duhu, sai ɗigo ɗaya tak na shuɗiyar kala. In ka zarce ɗigo biyu ka koma gidan jiya, ya zama zoɓo. A gwada a kan fatar ɗan wasan da fitilar da za a yi aiki da ita, don abin da ya fito ja a farin faranti baƙi yake komawa a baƙar fata cikin duhu. Tsohon jini, irin wanda aka ce ya shekara arba'in a bangon ɗakin nan, ba ja ba ne sam, ƙasa-ƙasa ne mai duhu, sai a ƙara koko a shafa a bar shi ya bushe. Su ja wur suka sa. Matsalarsa ɗaya, sukari ne: a gidan ƙasa minti goma ya isa kiyashi da ƙuda su sanar da 'yan'uwansu. A zuba ana dab da ɗauka, a tanadi bokitin ruwa, kuma kowace rigar da za ta ɓaci a ɗinka ta uku iri ɗaya.

Sautin Wunti: Ƙanwata ke ma kin tsallake sauti.

Mai Kwalliya ta Yelwa: Yaya, kai ka tsallake hodar da aka shafa wa aljanar, ta tsaya a haɓa, wuya baƙi, fuska fara.

Ustaz na Bakaro: Assalamu alaikum. Ina bin ku tun ɗazu. Kuna cewa aljana, amma abin da fim ɗin ya nuna matar kakan ce da aka jefa rijiya don a ɓoye cikin da take ɗauke da shi saboda gado, ta dawo tana neman hakkinta. Wannan fatalwa ce ba aljana ba, kuma aƙida ce da ba ta da tushe. Wanda ya mutu ba ya dawowa. Ku duba Suratul Muminun, aya ta 99 da ta 100, akwai barzahu a tsakani har ranar tashi. Aljanu kuwa halitta ce tabbatacciya, kuma hadisin Abu Sa'idil Khudri da ke cikin Sahihu Muslim ya yi maganar mazauna gidaje daga cikinsu da ke fitowa a siffar maciji, aka ce a yi musu gargaɗi kafin a kashe. Da marubucin ya tambaya, da ya gina labarinsa a kan abin da ba zai ɓata wa yara tunani ba.

Ɗan Jekadafari: Allah ya gafarta Malam, ke nan in aljanu na zaune a gida, a ƙa'idar Anti ba kango ba ne, tunda akwai mazauna.

Malamar Hausa: Na ce mutum. Ka koma ka karanta.

Ustaz na Bakaro: Ba wasa na zo yi ba.

Mai Haske na Gwallaga: Malam, da girmanka, fim bai ce ta dawo ba. Ba wanda ya gan ta sai autar gidan, kuma sai bayan ta karanta takardun da ke cikin adakar. Ana iya cewa zuciyarta ce ke nuna mata.

Ustaz na Bakaro: To wa ya fasa simintin rijiyar daga ciki? Zuciya?

Magini Ɗan Jahun: Tunda an zo kan rijiya, ga abin da ya fi duk gardamarku muhimmanci. An nuna yaro ya ɗaura igiya ya zura cikin rijiyar da ta yi shekaru a rufe, da buɗewa. Kar wani ya kwaikwaya. Rijiyar da aka rufe iskarta mutuwa take yi, mutum ba ya jin wari ko alama, sai dai jiri ya kwashe shi, wanda ya bi shi ceto shi ma ya tafi. Masu haƙar rijiya buɗe ta suke yi ta sha iska, su zura fitila a kunne da igiya, in ta mutu kafin ta kai ƙasa ba mai shiga. Don fim kuwa ba dalilin shiga ma. A haƙa rami iya ƙirji a fili, a jera masa bakin rijiya, kyamara ta kwanta a ƙasa. Haka soron. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cinta, shi ya sa mutane ke sakin jiki. Amma ba gara ke kashe ta ba, ruwa ne. In indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi ya bi bango, kan azarar da ke binne cikin ƙasa ya ruɓe, tsakiyarta tana nan kamar sabuwa. Kafin a shigar da mutum ashirin ɗaki, a sa tsinin wuƙa a soki azara dab da inda ta shiga bango. In ta shige kamar rogo dafaffe, a fita. A dubi rufi ko ya yi ciki, a dubi gindin bango ko ya zaizaye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. Kar a rataya fitila a jikin azara, kar mutum ya hau rufi ja waya, musamman a watan Agusta da ƙasa ta sha ruwa ta yi nauyi. Kashin jemage a yayyafa masa ruwa kafin shara, a sa takunkumi. Janareta kuma, ko ba don sautin wancan yaron ba, ba a ajiye shi a zaure, hayaƙinsa kisa yake yi.

Sautin Wunti: Baba ka ce "a gidan da ya daɗe ba kowa" ke nan. Wato kango.

Magini Ɗan Jahun: Ban ce ba. Soron da ke da azarar da za a soka yana da rufi. Mai rufi ba kango ba ne.

Malamar Hausa: Ga shi kuma.

Mai Kwalliya ta Yelwa: Anti, an kawo wutar ne? Muna jiran shafin.

Malamar Hausa: Layinmu sai dare.

Ɗan Jekadafari: Layin Bauchi ke nan.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Ga abin da aka cim ma, don waɗanda suka shigo a makare. An yi ittifaƙi cewa gidan ba kango ba ne, saboda haka tushen ƙorafin Sautin Wunti ya rushe tun daga jimlar farko. Mai Haske ya tabbatar da cewa hasken fim ɗin daidai yake da bukatar masu kallo a waya, kuma mu da muke riƙe kyamara mun san haka ne. An ɗan taɓo sauti da jini, gyare-gyare ne ƙanana da za a yi a kashi na biyu. Baba ya nuna cewa tsohon gini sai Bauchi, baƙonmu na Gombe bai kawo hujja ba. Maganar Malam an ji, Allah ya saka. Yaran nan namu ne, da kuɗin aljihunsu suka yi, a shiga a danna musu a tura gaba. An rufe wannan babi.

Mai Haske na Gwallaga: Shugaba, ban ce daidai yake ba, na ce fitilar ba a wurinta take ba.

Sautin Wunti: Ittifaƙi da wa? Mutum biyu ne suka ce ba kango ba ne, kuma har yanzu ba su yarda da juna ba. Kuma Shugaba, sunan wa na gani a ƙarshen fim ɗin a wajen masu ɗaukar hoto?

Shugaban Zaure: Na ce an rufe.

Magini Ɗan Jahun: Hajiya, in an kawo wutar ki duba "rufi" ma.